Gafara Kafin Ranar Masifa: Bege da 'Yancin Ruhu a Rayuwar Kiristocin Birnin Gombe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda Kiristocin birnin Gombe suke fahimtar gafara da yadda suke aikata ta, da kuma alaƙarta da bege da 'yancin ruhu. Ta ɗauki abin da ya faru a daren Ista na 2019 a matsayin babban misali. Matsayinta shi ne, gafarar da ake nema daga bakin masu makoki ranar jana'iza tun kafin ranar ake koyonta, a ƙananan basussuka da saɓanin gida da na ikkilisiya, kuma ba ta ɗorewa in an raba ta da gaskiya da shari'a.

Gabatarwa



Ikkilisiya a ƙasar Gombe ta haura shekara 100. A 1917 ne John Hall da Gordon Beacham na mishan ɗin SIM suka sauka a Kaltungo, daga nan bishara ta bazu cikin Tangale da Tula da Waja, har aka kafa ikkilisiyar ECWA a 1954. Amma Kiristan da nake magana a kansa shi ne na cikin birni. Da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, aikin gwamnati da karatu suka janyo mutanen Billiri da Kaltungo da Balanga da Shongom zuwa babban birnin jiha, suka tarar da 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa da suka daɗe a garin. A 2014 kuma masu gudun hijira daga Borno da Yobe da arewacin Adamawa suka ƙaru a kansu. Hausa ce ta haɗa yawancinsu a sujada, kamar yadda take yi tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932.

Wannan Kirista a tsakiyar Musulmi yake zaune. Famfo ɗaya suke ɗiban ruwa, keke ɗaya suke hawa zuwa kasuwa, sau da yawa ma kakansu ɗaya, domin a gidajen Tangale da Waja ba abin mamaki ba ne a sami fasto da liman 'yan ɗaki ɗaya. Wanda ya ɓata maka rai da safe, da shi za ka yi ciniki da yamma. Shi ya sa zancen gafara a Gombe ya wuce darasin makarantar Lahadi.

Abin da garin ya gani

A watan Maris na 2007 ɗalibai suka kashe malamarsu, Christiana Oluwasesin, a makarantar sakandaren gwamnati da ke Gandu, bisa zargin ta wulaƙanta Alƙur'ani lokacin jarrabawa. An kama wasu, aka sake su, ba a hukunta kowa ba. Ranar 5 ga Janairu 2012 'yan bindiga suka buɗe wuta a majami'ar Deeper Life ana cikin addu'a, suka kashe aƙalla mutum 6, har da matar faston. Bam ya tashi a tashar Dukku a Disamba 2014. Ranar 16 ga Yuli 2015 wasu biyu suka tashi a babbar kasuwa ana sayayyar Sallah, kusan mutum 50 suka rasu. Dole in tsaya a kan wannan na ƙarshe, domin mukan manta da shi in muna lissafin wahalarmu: bam ɗin kasuwa bai tambayi kowa addininsa ba, kuma gidajen Musulmi sun yi kuka a ranar kamar yadda namu suka yi a wasu ranaku. Duk tauhidin gafarar da ya ɗauka cewa Kirista ne kaɗai aka zalunta a Gombe ya fara da ƙarya.

Daren Ista na 2019

A daren Lahadin Ista, 21 ga Afrilu 2019, 'yan ƙungiyar Boys' Brigade suna jerin gwano a cikin gari, wani jami'in hukumar tsaron farar hula (NSCDC) ya afka musu da mota. Shaidu sun gaya wa manema labarai cewa an yi cacar baki a kan ba da hanya, ya wuce, sannan ya juyo ya bi ta kansu. Aƙalla yara da matasa 8 suka mutu, wasu da dama suka jikkata. Nan take jama'ar da ke wurin suka kashe direban da wanda ke tare da shi a motar. Bayan kwanaki, ranar da za a kai gawarwakin makwancinsu, rikici ya sake ɓarkewa har gwamnati ta sa dokar hana fita.

Ba wanda zai ga gawar yaro cikin kayan fareti a kwance a kan kwalta ya ce bai san dalilin fushin mutane ba. Na sani, kowa ya sani. Amma mu dubi abin da ramuwar ta jawo wa iyayen yaran, su da aka ce dominsu aka yi ta. Mutumin da ya kamata ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya sa ya juyo da motar ya tafi da amsarsa kabari. Fushi ne, maye ne, ƙiyayya ce ta addini, ko wani abu dabam? Ba shari'ar da za ta tantance. Kowane ɓangare ya riƙe labarin da ya yi masa daidai, ya koya wa 'ya'yansa. Uwar da ta rasa ɗa an hana ta jin gaskiya, an hana ta ganin hukunci, an kuma hana ta damar duban wanda ya cuce ta ido da ido ta ce ta yafe, ko ta ce ba ta kai ga yafewa ba tukuna. A ɗaya gefen kuma an ƙara gidaje biyu a cikin masu makoki, su ma da tasu ƙullatar.

Abin bai tsaya a 2019 ba. Ranar Kirsimetin 2024 mota ta shiga cikin masu jerin gwano a Gombe, mutane suka jikkata. Ranar Litinin ɗin Ista ta 2025 babbar mota ta afka wa masu jerin gwano a Billiri, aka rasa rayuka, matasa suka ƙone motar. 'Yan sanda suka ce birki ne ya tsinke, da yawa daga mutanen gari ba su gamsu ba. Rashin gamsuwar nan yana da tarihi. Inda aka saba ganin an kashe mutum an share zancen, ko hatsari na gaskiya ya faru ba mai yarda hatsari ne.

Gafarar bakin kabari

Duk wanda ya taɓa zaman makoki irin wannan ya san tsarinsa. An kafa rumfa a ƙofar gida, an jera kujerun roba, matan Zumuntar ikkilisiya sun zo da ankonsu suna waƙa da tulu da caki. Manyan baƙi su iso, a ba su kujerun gaba, a miƙa musu lasifika. Kafin la'asar wani ya sanar da cewa iyali sun yafe, sun bar wa Allah. A can cikin ɗaki kuwa uwar yaron tana kan tabarma, ta jingina da bango, kwanon abincin da aka ajiye mata tun safe yana nan a rufe. Ba wanda ya tambaye ta. Duk mai shigowa ya durƙusa ya ce sai haƙuri, Mama, ta ɗaga kai ta ce na gode.

Ban raina wannan sanarwa ba. Ta sha hana matasa fita da adduna, kuma fastocin da suke yinta a irin wannan rana suna ceton rayuka. Matsalar ita ce mukan ɗauka aikin ya ƙare da ita. Bayan wata shida, in matar nan ta ce har yanzu ba ta iya bin titin da abin ya faru, sai a ce bangaskiyarta ta yi rauni. An ɗora mata laifi a kan rashi.

Everett Worthington, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, wanda ɓarawo ya kashe mahaifiyarsa a cikin gidanta, ya bambanta gafara iri biyu: wadda mutum ke yanke shawararta, cewa ba zai rama ba, da wadda zuciya ke kaiwa gare ta sannu a hankali, in ɗacin ya ragu. Ta farko ana iya yinta a yini ɗaya. Ta biyu ba a ba ta wa'adi. Ba sai mun je Amurka neman shaida ba. Fasto James Wuye na Kaduna, wanda ya rasa hannunsa a rikicin 1992, ya sha faɗa da bakinsa cewa bayan ya fara aikin sulhu da Imam Muhammad Ashafa a 1995, ya yi shekaru yana tafiya tare da shi alhali zuciyarsa ba ta huce ba. In mutumin da ya ba da rayuwarsa ga sulhu ya ɗauki wannan lokaci, da wane dalili za mu ba gwauruwa kwana uku?

Littafi Mai Tsarki ma bai yi wannan gaggawa ba. Yusufu ya yi fiye da shekara 20 kafin ya sake ganin 'yan'uwansa, da ya gan su kuma bai faɗa wuyansu nan take ba. Sai da ya gwada su, ya ga ko za su sayar da Biliyaminu yadda suka sayar da shi, sai da Yahuza ya miƙa kansa a madadin ƙanensa. Ko bayan rasuwar Yakubu, a Farawa 50, 'yan'uwan suna tsoron ramuwa, sai da aka sake zama aka yi maganar. Zabura cike take da kukan waɗanda aka zalunta, wasu da zafin da ba ma son karantawa a gaban jama'a. An bar su a cikin Littafin ne domin mai baƙin ciki ya san yana da izinin kai fushinsa gaban Allah. In mun rufe masa wannan ƙofa, titi zai kai shi.

Misalin da na fi so fastocinmu su riƙa yin wa'azi a kansa shi ne na Bulus a Filibi, cikin Ayyukan Manzanni 16. An yi masa duka ba tare da shari'a ba, aka jefa shi kurkuku. Da ƙofofi suka buɗe cikin dare, mai gadin ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ya hana shi, ya bi shi gida, ya yi masa baftisma, ya ci abincinsa. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ƙi fita, ya ce sai sun zo da kansu, domin sun taka doka. Mutum ɗaya ne, dare ɗaya da safiyarsa: ya ji tausayin wanda ya ɗaure shi, ya kuma tsaya a kan haƙƙinsa gaban hukuma. Haka Romawa 12 ta hana mai bi ɗaukar fansa, sura ta 13 kuma ta ɗora hukunta mai laifi a wuyan gwamnati. Tare aka rubuta su. Gwamnatin da ta ƙi yin nata ba ta da bakin tunatar da masu makoki nasu. Dietrich Bonhoeffer ya yi gargaɗi tun 1937 a kan alherin da ake rabawa da araha, ba tuba, ba furta laifi. Afirka ta Kudu ma, da hukumar gaskiya da sulhu ta fara zama a 1996 ƙarƙashin Desmond Tutu, sharaɗin afuwa shi ne mai laifi ya faɗi duk abin da ya aikata.

Inda ake koyon gafara

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Matashin da bai taɓa yafe naira ɗari biyar ba, bai taɓa ganin babansa ya nemi gafarar mamarsa ba, ba a daren da abokinsa ke kwance cikin jini zai koyi riƙe hannunsa ba. Yana da kyau mu lura cewa misalin da Yesu ya bayar a Matiyu 18 na bashi ne: bawan da aka yafe wa talanti 10,000 ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. A ƙaramin bashin aka gane halinsa.

Na shaida wani sulhu a wata ikkilisiya a cikin garin nan. Mata ne suke adashe, ɗaya ta kwashi nata da wuri, sai ta daina zubi, ta daina zuwa Zumunta, in ta hango wadda kwasarta ke gaba a kasuwa sai ta canza layi. Shugabar mata ba ta kai zancen gaban dattawa ba. Ta ɗauki mai bin bashin da wata dattijuwa ɗaya, suka je gidan bayan magariba. Sun tarar mijin ya yi watanni ba albashi, kuɗin kuma asibiti ya cinye. Shugabar ba ta ce a manta ba. Ta sa aka faɗi adadin kuɗin a fili, ta sa mai laifin ta amsa da bakinta cewa ɓuyan da ta yi ya fi rashin biyan muni. Sannan ta juya ga ɗayar ta ce, Maman yara, nawa za ki iya bari? Ta bar wani kaso, aka raba sauran wata-wata. Ranar Lahadi benci ɗaya suka zauna.

Duk abin da manyan littattafan tauhidi ke faɗa yana cikin wannan zama. An faɗi gaskiya, an kira laifi da sunansa, an biya abin da za a iya biya, wadda aka cuta ita ta zaɓi abin da za ta bari, ba a tilasta mata ba, kuma an rufa wa mai laifin asiri. Matan Zumunta suna wannan aiki kowane mako a Tumfure da Barunde da Tudun Wada, ba wanda yake rubuta shi. A ganina makarantunmu na tauhidi sun yi sakaci da ba su mai da shi abin nazari ba.

Abu biyu da suke ɗaure mu

Akwai abubuwan da muke yi da hannunmu da suke rushe wannan koyo. Na farko shi ne addu'ar hallaka maƙiya, wadda ta yaɗu daga wasu majami'u har ta shiga gidajen waɗanda ba a san su da ita ba. A kwana ana kiran wuta a kan wanda ya tare arziki, ya hana aure, ya hana haihuwa. In ka bincika wane ne maƙiyin, sai ka tarar uwar miji ce, ko wata gwaggo tsohuwa a ƙauye, ko abokin aiki da aka yi wa ƙarin girma. Wanda aka koya masa cewa duk ciwo da duk rashin aiki hannun wani ne, ba zai ci abincin dangi da kwanciyar hankali ba, ba zai kai 'ya'yansa gida hutu ba. Kakanninmu da suka karɓi bishara a Kaltungo da Billiri, babban abin da suka shaida shi ne an raba su da tsoron maita da sammu. Abin baƙin ciki ne jikokinsu su koma cikin wannan tsoro ta ƙofar majami'a. 'Yancin ruhu da wasiƙar Galatiyawa ke magana a kai, a rayuwar yau da kullum, yana nufin mutum ya kwanta barci ba ya lissafin maƙiya.

Na biyu shi ne yadda muke horo. Yarinya ta yi ciki, a sanar da sunanta gaban jama'a, a mai da ita bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji. Wanda ya yi mata cikin sau da yawa ba a ji sunansa ba. Mai kuɗin da ya danne filin marayu kuwa shi ne babban baƙo ranar tara gudummawar gini. Ina goyon bayan horo, domin ikkilisiyar da ba ta kiran zunubi da sunansa ba ta da abin yafewa. Amma matasa suna kallo. In sun ga gafarar cikin gida tana bin aljihu, ba za su saurare mu ba ranar da muka ce su yafe wa na waje.

Begen da ke riƙe da hannu

Me zai sa mutum ya bar abin da yake da ikon ramawa? In wannan duniya ce kaɗai kotu, kuma kotun ba ta zama, ramuwa ce za ta zama hanyar da ta rage. Begen Kirista ya tsaya a kan tashin Almasihu daga matattu da alkawarin cewa akwai ranar shari'a da ba a sayen alƙalinta, ba a ɓatar da fayil. Wanda ya gaskata wannan yana iya sauke hannunsa ba tare da ya ce abin da aka yi masa ba kome ba ne. Jürgen Moltmann ya nuna a littafinsa na 1964 a kan tauhidin bege cewa irin wannan bege ba ya sa mutum ya naɗe hannu, yana hana shi sabawa da zalunci ne, domin ya san ba haka abubuwa za su tabbata ba.

Muna da shaidarsa kusa da mu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, ikkilisiya ce da koyarwarta ta hana ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, a Janairun 2020 kuma aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika. Duk da haka ba ta kafa rundunar ramuwa ba, ta dage da taron warkar da raunin zuciya da agajin da ya haɗa har da Musulmi. Ba a 2014 suka koyi wannan ba, shekara 90 aka yi ana shuka shi. Da yawa daga cikinsu suna zaune tare da mu a Gombe yanzu, ya kamata sauran ɗariƙu su zauna su koya daga gare su.

Abin da ya rage a hannunmu

Jerin gwanon Ista da na Kirsimeti ba za su daina ba, bai kuma kamata su daina ba. Saboda haka shugabannin Boys' Brigade da na matasa suna bukatar horarwa a kan mintunan farko bayan hatsari: su wa za su kwashi masu rauni, su wa za su kewaye direba su tsare ransa har 'yan sanda su iso. A gaya wa matasa dalilin a fili, cewa direban da ya rayu shi ne zai amsa tambaya a kotu. A kuma tsara hanya da jami'an tsaro tun kafin ranar, a rufe titin da za a bi.

Fastoci su daina sanar da gafara a madadin iyalin da ba a tambaya ba. Su ce ikkilisiya ba za ta rama ba, wannan nasu ne su faɗa, sauran kuma su bar wa masu rashin, su ci gaba da ziyartarsu bayan an kwashe rumfa. Reshen ƙungiyar Kiristoci ta CAN na jiha kuma yana da lauyoyi a cikin mambobinsa. A kafa musu kwamiti na dindindin da zai riƙe sunan kowane mamaci da lambar ƙararsa, ya bi shari'ar zama bayan zama, ya riƙa ba iyalai rahoto, ya kuma buɗe ƙofarsa ga iyalan Musulmin da aka kashe musu nasu ba a yi hukunci ba.